"Faɗa da baki sai in ba ka": fashin baƙi kan yadda yara masu galahanga suke magana

Akwai wata magana da aka faɗa wa ɗan yayata ta fi sau dubu a gidanmu na Tudun Wada a Kaduna, ni kaina na faɗa masa ita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba kafin Allah ya ganar da ni, wato "faɗa da baki sai in ba ka." Yanzu shekararsa shida, lokacin yana da uku da rabi. Zai zo ya kama hannunki, ko kallonki ba zai yi ba, ya ja ki har gaban firiji ya ɗora hannun naki a kan murfin ya tsaya. Kowa a gidan ya san ruwan sanyi yake so, har yaran maƙwabta sun sani, amma sai a ɗaga kofi sama ana cewa ka ce ruwa, ka ce ru-wa, shi kuma yana ɗage yana miƙa hannu yana ƙara, can sai ya zube ƙasa yana buga kai da siminti, sai a ce kun gani ko, taurin kai ne kawai, ya iya sarai ba ya so ne. Alhali yaron nan ya gama maganarsa tun sanda ya ɗora hannu a kan firiji, mu ne muka ce ba ma karɓar wannan yaren.

Bari dai in fara da sunan abin. Likitoci otizim suke cewa, kafafen labarai na Hausa kuma sun fi cewa galahanga, ni ma da ita zan yi amfani duk da kalmar an ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta, duk yaron da ya fita daban cikin yara sai ka ji an ce ai galahanga ne. A unguwa kuwa sunaye sun fi haka muni, bebe, ɗan ruwa, wai shafar aljanu ce, wai baki ne ya kama shi tun yana goye saboda kyau. Ainihin abin shi ne bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, yana farawa tun da wuri ƙwarai, gado yana da babban hannu a ciki, kuma yana taɓa ɓangare biyu. Na ɗaya mu'amala da mutane da isar da saƙo, na biyu son maimaita abu ɗaya da tsari ɗaya, haɗe da yadda jiki yake jin ƙara da haske da taɓawa, wani abin da ke ba ki ma ji shi ba shi kamar ana buga masa guduma ne a kunne. Wani likita Leo Kanner ya yi bayaninsa dalla-dalla a 1943 a garin Baltimore na Amurka, a kan yara 11 da ya duba, kuma tun a lokacin ya lura wasunsu suna maimaita maganar da aka faɗa musu, suna cewa "kai" a inda ya kamata su ce "ni". Hukumar Lafiya ta Duniya a baya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100, a Amurka inda ake yawan gwaji rahoton 2023 ya ce 1 cikin 36, kuma maza da ake ganowa sun kusan ninka mata sau huɗu. To ki ƙirga yaran Rigasa kaɗai ki gani.

Tunda mu nan Arewa maganar allura ba ta wuya, in faɗa a gurguje: riga-kafi ba ya kawo shi. Likitan Ingila da ya fara wannan zancen a 1998, Andrew Wakefield, mujallar da ta buga aikinsa ta janye shi a 2010 kuma aka ƙwace masa lasisin aiki, sannan a 2019 an fitar da binciken da ya bi yara sama da dubu 650 a Denmak, ba a ga wata alaƙa ba. Ba kuma laifin uwa ba ne, wannan ma an taɓa ɗora wa iyaye mata a ƙasashen Turawa wai rashin nuna ƙauna ne, daga baya ta tabbata ba haka ba ne. Yayata ta yi shekara guda tana tuhumar kanta wai don ta koma aiki yana wata huɗu.

Tun 2013 likitoci suka haɗe nau'o'in da a da ake rarrabawa suka koma suna ɗaya mai faɗi, domin yaran ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ba sa magana da baki ko kuma kalmominsu 'yan ƙalilan ne. Wasu kuma surutu kamar rediyo, yaro zai zaunar da ke awa guda yana ba ki labarin jirgin ƙasan Abuja da tarago nawa yake ja, bai ga kina hamma ba, amma ki tambaye shi me ya same ka a makaranta yau sai ya yi shiru. Shi ma wannan yana da tasa wahalar, sai dai mutane ba sa gani tunda baki yana motsi.

Inda na fi so mu daɗe shi ne maimaita magana, don nan ne aka fi yi wa yaran nan gurguwar fahimta. Da ɗan namu ya fara fitar da kalmomi wajen shekara huɗu murna ta cika gida, kwana biyu murnar ta koma ciki, saboda in kika ce masa "kana son shayi?" sai ya ce "kana son shayi?" da irin muryarki sak. Hajiya ta ce wannan ai aku ne, babu komai a ciki. To akwai wata jimla da yake yawan faɗa, "an kawo wuta!", da irin ihun nan da yaran layi suke yi in Nepa ta dawo da wuta da magariba. Yana faɗarta da rana tsaka, yana faɗarta ana cikin duhu, mun ɗauka shirme ne. Sai ranar da babansa ya dawo daga Legas bayan sati uku, yana shigowa da jaka yaron ya tashi a guje yana tsalle yana cewa an kawo wuta, an kawo wuta, wallahi sai da Yaya ta zauna a bakin ƙofar kicin ta yi kuka. Ashe shi a wajensa wannan jimlar ita ce na ji daɗi. Ya ɗauko ta ne dunƙule daga lokacin da ya fi ganin mutane suna murna, ya ajiye, yana fito da ita duk sanda zuciyarsa ta yi fari. Daga nan muka fara bin sauran. "Kar ka faɗi" yana nufin ina jin tsoro, abin da uwarsa take faɗa ne in ya hau taga. Shi kuma "kana son shayi?" da yake mayarwa, yawanci e ne, in ba ya so ture kofin yake.

Wannan ba hasashenmu ba ne mu kaɗai, tun farkon shekarun 1980 wani masanin magana a Amurka Barry Prizant ya nuna cewa maimaitawar nan tana da ayyuka, yaro yana roƙo da ita, yana amsa e da ita, yana riƙe hira da ita, wani lokaci kuma yana kwantar wa kansa hankali ne. Kuma in za mu faɗi gaskiya mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ina aiki, da godiya, ya iyali, Alhamdulillahi. Wa ya taɓa zama ya ƙirƙiro waɗannan da kansa? Haddace su muka yi dunƙule tun muna yara, mutum yana kwance a gadon asibiti ki ce ya jiki ya ce da sauƙi, ba wanda ya ce masa aku. Bambancin kawai namu duk gari ya san fassararsu, nasa kuwa shi kaɗai ya tsara ƙamus ɗinsa, sai na kusa da shi sun zauna sun koya. Abin da muke yi yanzu shi ne in ya ce an kawo wuta sai mu amsa masa da murna mu ƙara da "na ji daɗi, Baba ya dawo", mu faɗa ta bakinsa yadda shi zai faɗa, ba mu ce ka ce kaza ba, tunda duk abin da ya ji shi zai ɗauka har da "ka ce" ɗin.

Sai maganar ido. A littattafan likitanci rashin haɗa ido yana cikin alamomin farko, mu kuma a nan yaron da yake sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai kunya mai tarbiyya, don haka Hajiya har yabonsa take yi, aka ɓata lokaci ba a gane ba. Da aka sa shi a wata makarantar nasare kuma sai aka koma ɗaya gefen, malamar tana kama haɓarsa tana juyo fuskarsa wai dole ya kalle ta in tana magana. Duk su biyun ba su karanta shi daidai ba. Manya masu galahanga da yawa sun yi bayani da bakinsu cewa kallon ƙwayar ido da sauraro a lokaci ɗaya yana yi musu yawa, in suka kalla sai maganar ta ɓace musu. Yaronmu in yana kallon bango yana juya murfin kwalba a hannu, a lokacin ne ya fi jin ki. Kuma a ba shi lokaci. Ki yi tambaya ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake, mu da yake ba mu iya shiru ba mutum uku ne za su jefo masa tambaya ɗaya ta hanya uku cikin daƙiƙa biyar, kowace sabuwa tana rushe wadda yake kan haɗa amsarta.

Kaɗa hannu, jijjiga jiki, zagaye tsakar gida, toshe kunne, duk waɗannan mafi yawa hanyar daidaita jiki ce, kamar yadda wani yake kaɗa ƙafa ko jan carbi in hankalinsa ya tashi, in ba cutar da kansa yake ba a ƙyale shi. Faɗuwa ƙasa da ihu kuma kala biyu ne, akwai rigimar yaro ta neman abu wadda kowane yaro yake yi yana satar kallonki ya ga ko kin sakko, akwai kuma wadda kai ne ya cika ya tumbatsa, wannan ko me kika miƙa masa ba zai tsaya ba. Namu injin markaɗe ne da janareton maƙwabta da lasifikar biki. Mun taɓa kai shi Kasuwar Barci ana gobe Sallah, ban ƙara ba. Akwai kuma satin da ya yi ta cizon hannunsa yana dukan kumatu, aka yi ta tofi, wata maƙwabciya har ta kawo lambar mai ruƙiyya, ashe haƙori ne ya rube. Addu'a kam ba ma fasawa, amma yaron da ba zai iya cewa nan ke min ciwo ba, in halinsa ya canza farat ɗaya a fara duba haƙori da kunne da ciki, da yawansu suna fama da taurin bayan gida da rashin barci, wasu ma har da farfaɗiya. Duka kuwa da sunan fitar da aljani, wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Wannan haƙorin ne ya sa muka yarda da hotuna. Da farko babansa ya ƙi, ya ce in aka ba shi hoto ya nuna ai shi kenan ya samu hanyar lalaci ba zai taɓa buɗe baki ba. Tsoron nan kusan kowane uba yana da shi, amma binciken da aka tattara a kan yaran da aka ba hotuna ko alamun hannu ko na'urar da ke furta magana bai nuna maganar baki tana raguwa ba, da yawansu ma ƙaruwa ta yi. Dalilin a fili yake, yaron da ya gano cewa in na yi kaza mutum yana amsa min, ya gano amfanin magana kenan. Tsarin musayar hoto da aka fi sani, PECS, Andy Bondy da Lori Frost ne suka fara shi a 1985 a jihar Delaware ta Amurka, kuma matakin farkonsa ba wani abu ba ne illa yaro ya ɗauki hoton abin da yake so ya miƙa wa mutum, a ba shi abin nan take ana faɗin sunansa. Mu ba mu sayi komai daga waje ba. Da waya muka ɗauki hoton kofinsa shuɗi, da indomi a farantinsa, da buta, da bayi, da keke napep, da ƙofar gidan Hajiya, muka kai shagon kwamfuta aka buga aka lulluɓe da leda, muka huda muka zura a zobe irin na makulli. Hoton kayansa na gaske, don zanen kofin Turawa da aka sauko da shi daga intanet bai ce masa komai ba. Kuskuren da muka yi da farko shi ne duk katunan na abinci ne da wasa, sai daga baya muka ƙara guda uku da suka fi duk sauran amfani, a'a, ciwo, da ya isa. Yaron da ba shi da hanyar cewa a'a sai da haƙori, to da haƙori zai faɗa.

Abin da yake ba ni mamaki da mu, Bahaushe yana da maganar hannu tun kaka da kakanni, ki je kasuwa ki ga mai nama yana ciniki da kurma da hannu har su yi dariya su rabu, ba wanda ya riƙe tsokar ya ce sai ka faɗa da baki. Amma ɗanmu na cikinmu mun kasa yi masa wannan adalcin. Gargaɗi ɗaya dai, akwai wata hanya da babba yake riƙe hannun yaro yana taya shi danna haruffa, gwaje-gwaje sun nuna saƙon yawanci daga babban yake fitowa ba tare da ya sani ba, ƙungiyoyin masana magana sun hana. Yaro ya nuna da kansa ko da a hankali ne.

Ita waccan nasaren har cewa suka yi a daina yi masa Hausa a gida, wai yare biyu ne ya rikita shi, Turanci zalla za a riƙa yi. Yaya ta gwada wata biyu, gida ya koma kamar ofis, Hajiya da ba ta jin Turanci ta koma kallonsa kawai. Binciken da aka yi a kan yara masu galahanga da suka tashi da yare biyu bai nuna hakan yana ƙara musu jinkiri ba. A Kaduna ma wane yaro ne yake tashi da yare ɗaya? Cire masa yaren da ake rarrashi da shi, ake wasa da shi, ake addu'a da shi, rage masa mutanen da zai yi magana da su ne kawai.

A 2012 wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da galahanga, ya kawo wata hujja da ta juya tunanin mutane da yawa, ya ce rashin fahimtar nan ta ɓangare biyu ce, yadda suke kasa karanta mu haka mu ma muke kasa karanta su, amma su kaɗai ake rubuta wa a fayil. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinburgh suka gwada da manya 72, aka jera su takwas-takwas ana ba na farko labari ya faɗa wa na biyu har zuwa na ƙarshe. Layin masu galahanga zalla sun isar da labarin daidai da layin waɗanda ba su da shi, inda labarin ya fi zubewa shi ne layin da aka gauraya. Ni dai da na karanta wannan firijin nan na tuna.

Kar kuma wata ta ɗauka karɓar yaro yadda yake yana nufin a naɗe hannu. Ana koya masa, kullum ma, kuma da wuri ya fi. In yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya nuna abu da yatsa, ba ya juyowa in an kira sunansa, ko ya fara kalmomi suka ɓace, kar a tsaya jiran wai babansa ma sai da ya shekara biyar. A fara da gwajin ji, Allah ya taimake mu Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna take, sannan likitan yara a asibitin Barau Dikko ko na Shika, da likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin tarayya da ke Barnawa, wanda mutane suke gudu saboda sunan da aka laƙaba masa, shiga can ba ya mayar da ɗanki mahaukaci. Tun Janairun 2019 kuma akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har da harkar ilimi, ya kamata iyaye su san da ita kafin wata makaranta ta ce ku zo ku ɗauki ɗanku. Mutane suna son kawo labarin Temple Grandin, wata Ba'amurkiya mai galahanga wadda ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, ta zama farfesa a Jami'ar Jihar Colorado, tsarin da ta zana na bi da shanu ana amfani da shi a manyan mayankan Amurka. Labari ne mai daɗi amma ni ina ɗan ɗari-ɗari da shi, don sai ya sa iyaye su zauna jiran farfesa, in bai zo ba su karaya. Wani yaron zai yi magana, wani da kati ko waya zai yi ta yi har girmansa, kuma shi ma yana da abin faɗa.

Namu yanzu yana da kalmomi wajen talatin na kansa, ga jimlolinsa na aro, ga zoben katunansa da yake rataye a wando. Ranar Juma'ar da ta wuce mun je gidan Hajiya ta zubo masa tuwo da miyar kuka ta ce zo nan mai gidana ka ci, ya zo ya tsaya ya leƙa kwanon, ya laluba zoben nan a hankali ya zaro jan katin a'a ya ɗora mata a cinya. Hajiya ta ɗaga katin ta juya shi ta kalle ni ta ce ke 'yar nan me ya ce, na ce Hajiya cewa ya yi ba ya ci. Ta ce ja'iri, ni za ka kawo wa takarda kamar wata ma'aikaciyar banki, ta miƙe tana mita ta shiga kicin ta ɗora masa ruwan indomi.